Tsakanin Masoyi da Tauraro: Ina So Ya Kamata Ya Tsaya?

Zariya ba ita ce cibiyar harkar fim ba, wannan sai Kano, amma da wuya a daɗe ba a ga wata sananniyar fuska a garin nan ba. Wanda ya taso daga Kano zai tafi Kaduna ko Abuja a mota, ta nan zai bi. Ga bukukuwan aure da ake ɗauko mawaƙa, ga tarukan ɗalibai a harabobin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da Kongo, ga masu zuwa kallon hawan Sallah. Su ma 'yan gari da suka yi suna a TikTok da YouTube muna tare da su a masallaci ɗaya da kasuwa ɗaya. Tambayoyin nan su ne aka fi yi mini a matsayina na mai shirya taruka, wasu cikin ladabi, wasu cikin fushi bayan an hana su hoto. Na bar su kusan yadda aka yi su.

Mu muka ɗaukaka su. Ba don mu ba wa zai san su? To don me za a ce ba mu da haƙƙi a kansu?

Kana da haƙƙi, amma ba irin wanda kake zato ba. Idan ka sayi tikitin wasa, haƙƙinka ne mawaƙin ya zo, ya zo kan lokaci, ya yi abin da aka tallata. Idan ka ƙona datarka kana bin shiri mai dogon zango, kana da damar cewa labarin ya lalace ko jarumin ya daina ƙoƙari. Idan ya tallata maka magani ko wata harkar zuba kuɗi aka cuce ka, ka tuhume shi a bainar jama'a, ba wanda zai ga laifinka. Duk wannan a kan aikinsa ne, kuma aikin shi ne cinikin da ke tsakaninku. Ka ba da kuɗi ko lokaci, ya ba ka waƙa ko dariya, an tashi ba bashi.

Lokacin barcinsa ba ya cikin cinikin. Haka lambar wayarsa, da fuskar matarsa, da dalilin mutuwar aurensa, da ciwon da yake fama da shi. Ita kanta maganar "mu muka ɗaukaka su" ba ta da ƙafa, don mai faɗinta shi ne gobe zai ce maka ɗaukaka ta Allah ce. Ba sadaka ka yi masa ba da ka saurari waƙarsa, daɗinta ka ji. Ran da ta daina yi maka daɗi, ko sallama ba za ka yi ba za ka koma wani. Mutum nawa aka yi yayinsu a Kannywood aka watsar, ba wanda ya koma ya tambayi ko sun ci abincin dare?

Na ga jarumi a kasuwar Sabon Gari ko a gidan abinci. Laifi ne in nemi hoto?

Nema ba laifi ba ne. Yadda ake neman ne yake ɓata abin. Ka fara da sallama da gaisuwa kamar yadda za ka yi wa kowane mutum. Ka dubi halin da yake ciki: idan loma ce a hannunsa, ko yana waya, ko yana alwala, ko yana ciniki, ko yana tare da iyalinsa, ka jira ko ka haƙura. Ka tambaya kafin ka ɗaga waya, ba ka ɗaga ba sannan ka ce "hoto ɗaya, yallaɓai". Kada ka dafa kafaɗarsa, kada ka riƙo rigarsa. Idan mace ce kai namiji, ka bar tazara, kuma kada ka miƙa mata hannu. In an ɗauka, ka yi godiya ka matsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mai ihu: "Kai, ga wane!" Da wannan kalma ɗaya mutumin da ya shigo sayen takalmin yaro ya koma wanda ake neman hanyar fitar da shi ta bayan shago, mai shagon kuma ya yi asarar ciniki, wani lokaci har da kaya.

Na roƙe shi hoto ya ce a'a. Wannan ba girman kai ba ne?

Yana iya zama girman kai, akwai masu shi a cikinsu kamar yadda ake da su a kowace sana'a. Amma kai sau ɗaya ka tambaya, shi kuwa tun safe ake tambayarsa, kuma ya san in ya amsa maka layi ne zai kafu a bayanka. Wataƙila daga gidan gaisuwar mutuwa yake. Wataƙila an taɓa ɗaukar hoto da shi aka je aka damfari mutane da sunan "ɗan'uwana ne", abin da ke faruwa sosai. Mata kuma suna da ƙarin dalili, don hoto ɗaya da baƙon namiji ya isa a ƙulla musu labarin soyayya kafin magariba.

Idan ya wulaƙanta ka ko ya zage ka, wannan laifinsa ne, kuma kana da damar daina kallonsa. Amma "yi haƙuri, ba yanzu ba" cikakkiyar amsa ce, ba sai ya kawo maka hujja ba.

Wallahi akwai wata jaruma da nake ji kamar na san ta, kamar yayata ce. Da matsala a tare da ni?

Babu. Haka aka halicci zuciya: fuskar da ta saba gani da muryar da ta saba ji, sai ta sa su cikin na gida. Tun 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu a kan yadda masu sauraron rediyo da kallon talabijin suke ƙulla zumunci da mai gabatar da shiri alhali shi bai san da su ba. Iyayenmu sun yi irin wannan da 'yan wasan kwaikwayon rediyo da talabijin na Kaduna, irin su marigayi Ƙasimu Yero, ɗan garin nan da ya rasu a 2017. Bambancin shi ne a wancan lokaci sai dai ka jira ranar shirin, ko ka aika wasiƙa gidan rediyo. Yanzu kuwa a cikin wayarki take, tana magana kai-tsaye daga ɗakinta, tana karanta sunayen masu sharhi, har wata rana ta ambaci naki.

Matsala tana farawa ne in kika manta cewa sanin nan daga gefe ɗaya yake. Ke kin yi shekaru da ita, ita yau ta fara ganinki. In kika rungume ta a wurin biki, a wajenki yayarki kika rungume, a wajenta wata baƙuwa ce ta faɗo mata. Kuma wadda kika sani ɗin ma rabinta rubutun marubuci ne da umarnin darakta. In kin ga kin fara kasa barci don ba ta amsa saƙonki ba, ko kina gaba da ƙawarki saboda ta kushe ta, to lokaci ya yi da za ki ɗan ajiye wayar.

Ai su suka zaɓi shahara. Wanda ba ya son a gan shi ya zauna a gida mana.

Shiga cikin birni ka dubi kowane tsohon gida, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan. Akwai daɓe a waje inda kowa zai iya tsayawa, akwai zaure inda maigida yake karɓar baƙi, sannan akwai cikin gida, inda sau da yawa za ka ga an rubuta "Ba a shiga" a bango. Attajirin da zaurensa ba ya rabuwa da jama'a daga asuba zuwa dare, ba wanda ya taɓa cewa tunda ya buɗe zaure ai ya buɗe ɗakin matarsa. Fim da waƙa da shafin Instagram zauren tauraro ne. Ya zaɓi ya zauna a zauren, wannan gaskiya ne. Bai rushe katangar cikin gida ba.

Addini ma a kan haka ya tsaya. Aya ta 27 da ta 28 a Suratun Nur sun hana shiga gidan da ba naka ba sai da izini da sallama, kuma suka ce in an ce ku koma, to ku koma. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ƙayyade neman izini sau uku, in ba a ba ka ba ka juya. Ba a ware mawaƙa ko 'yan ƙwallo daga cikin masu wannan haƙƙi ba. Sashe na 37 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 shi ma ya ba kowane ɗan ƙasa kariyar sirrinsa da gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya.

Ko a Indiya, inda son 'yan fim ya ninka namu, an san da wannan iyaka. Amitabh Bachchan ya yi shekaru da yawa yana fitowa ƙofar gidansa na Mumbai ran Lahadi ya ɗaga wa masoya hannu. Shi ya zaɓi ranar, shi ya zaɓi wurin, kuma in ya gama sai ya koma ciki a rufe ƙofa.

Wani aboki ya ba ni lambar wani tauraro, kuma ya kwatanta mini gidansa. In kira? In je?

Kada ka kira, kada ka je, kada kuma ka tura wa wani. Lambar da ba shi ya ba ka ba, ba taka ba ce. Yawancinsu suna sa lambar manaja a shafinsu don harkar aiki, ita ce ƙofar da suka buɗe.

Na san za ka ce kai ba mugu ba ne, gaisuwa kawai za ka yi. Na yarda. Amma wanda ke cikin gida ba shi da hanyar bambance ka da mugun. A 1989, a birnin Los Anjeles, wani mai ikirarin son 'yar wasa Rebecca Schaeffer ya biya mai bincike ya samo masa adireshinta daga rajistar masu lasisin tuƙi, ya je ƙofar gidanta ya harbe ta, tana da shekara 21. Bayan wannan ne jihar Kalifoniya ta yi dokar hana bibiyar mutum a 1990, ta farko a Amurka. A nan gida, dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta sa bibiyar mutum cikin laifuka a sashe na 17, da hukuncin ɗauri har shekara 2 ko tarar da ta kai naira 500,000, kuma Jihar Kaduna ta yi irin tata dokar a 2018. Shi kuma abokin naka, in a wurin aikinsa ya zaro lambar, banki ne ko otal ko kamfanin waya, ya sani akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma aikinsa yake wasa da shi.

Me ya sa ba sa faɗin inda suke sai sun bar wurin? Mu fa so muke mu tarbe su.

Wanda ya san halin da hanyoyin jihar nan suka shiga a shekarun baya ba zai yi wannan tambaya sau biyu ba. Sananne da danginsa abin farauta ne. Sau biyu aka sace mahaifin ɗan ƙwallon Nijeriya John Mikel Obi, a 2011 da 2018. A karo na biyu labarin ya same shi ne 'yan awoyi kafin wasan Nijeriya da Ajantina a gasar cin kofin duniya a Rasha, ya shiga fili ya buga bai gaya wa kowa ba.

Saboda haka in ka ga tauraro a gidan mai a Kwangila, kada ka ɗauki motarsa da lambarta ka saka a Facebook kana cewa "yanzu-yanzu ya kama hanyar Kaduna". Hoto yana tona abin da mai ɗaukarsa bai lura da shi ba. A 2019 an kama wani mutum a Japan da ya gano tashar jirgin ƙasan da wata mawaƙiya take sauka ta hanyar zuƙo hotunanta ya ga abin da ya haska a ƙwayar idonta, ya bi ta har gida ya far mata. In dole sai ka saka hoton, bari sai gobe.

Laifi ne in tambayi jaruma yaushe za ta yi aure, ko me ya kashe aurenta? Ai fatan alheri ne.

Je ki buɗe shafin kowace 'yar fim ki karanta abin da ke ƙarƙashin hotonta. Ko tallan atamfa ta saka, sharhin farko "Allah ya kawo miji nagari", na biyu "ki ji tsoron Allah ki yi aure", na uku zagi. In ta yi auren, sai a koma lissafin watanni ana jiran ciki. In ya mutu, sai a ce dama 'yan fim ba sa zaman aure. Mazan ba a bin su da wannan ƙididdiga, ko da sun yi saki uku a shekara.

Ki tambayi kanki ko za ki iya tare wata lakcara a Kongo, wadda ba ki haɗa komai da ita ba, ki ce mata "Hajiya, me ya fito da ke daga gidan mijinki?" Kunya ba za ta bar ki ba. Mu ne fa mutanen da uwa ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari saboda alkunya. Wayar ce ta cire mana wannan kunya, don ba ma ganin idon wadda muke yi wa magana. Addu'ar da ake yi da gaske ba ta bukatar mai ita ta karanta. Wadda ake rubutawa kullum a gaban dubban mutane, gori ne aka sa wa rigar addu'a, kuma ita ma ta san haka.

Game da mutuwar aure kuwa, tsakanin miji da mata sai Allah. Matar da ta yi shiru ba ta faɗi dalili ba, sau da yawa mutuncin uban 'ya'yanta take karewa. Masu matsa mata sai ta yi bayani su ne za su fara cewa ta tona asirin aure in ta yi.

Ni nasiha nake yi. Suna ɓata tarbiyya, a ce mu yi shiru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ƙarfi, kuma ba zan ce a yi shiru ba. Abin da mutum ya fitar da hannunsa ya saka a gaban jama'a, jama'a suna da ta cewa a kai. In waƙa tana da batsa, a faɗa. In fim ya koyar da rashin kunya, a soke shi, a hana yara kallo, a kai ƙorafi inda ya dace. Kano tana da hukumar tace fina-finai tun 2001, su ma masu sana'ar suna da ƙungiyarsu ta MOPPAN da take ladabtar da 'ya'yanta.

Amma mu duba abin da ake kira nasiha a waya. Mutum ya bi diddigin yarinya, ya tono hoton da ta ɗauka shekaru da suka wuce, ya tambayi maƙwabtanta wa ke zuwa wurinta, ya haɗa ya saka da taken "don ta gyara". Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta jero abubuwa uku ta hana: yawan zato, da binciken laifin mutane, da giba. Mai irin wannan nasiha ya haɗa duka ukun kafin ya kai ga "Allah ya shirye ki". In kuwa ya kai ga jifan ta da zina ba tare da shaidu huɗu ba, aya ta 4 a Suratun Nur bulala 80 ta yanka wa mai ƙazafin. Abin mamaki, a garin da ake karanta Risala da Iziyya a zaure-zaure, sai ka ga ɗalibin ilimi ya rubuta wa 'yar mutane kalmar da ya san hukuncinta sarai.

Gwaji mai sauƙi: da ƙanwarka ce ta yi abin, a ina za ka yi mata magana? In amsar ita ce a ɗaki, ku biyu, to abin da kake yi a ƙarƙashin hoton waccan ba nasiha ba ce. Kuma in mutum dubu sun riga ka faɗa, na dubu da ɗaya ba ya ƙara mata shiriya.

An turo mini bidiyon sirri na wata sananniya a WhatsApp. Ba ni na ɗauka ba, ba ni na fitar ba.

Amma kai ne za ka tura wa na gaba, kuma da irinka abin yake yaɗuwa. Goge shi, ka gaya wa wanda ya turo kada ya sake. In kai ne shugaban zauren, ka cire shi.

Mun ga abin da irin wannan ya yi a 2007, lokacin da bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Ita ta ɓuya, aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na watanni, masu haske da masu kwalliya da masu dafa wa 'yan fim abinci, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, suka rasa abin kai wa gida. Masu turawa kuwa ba wanda ya tambaye su komai. Yau akwai doka: sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya sa tura batsa ta kwamfuta ko waya cikin laifuka, da tarar da ta kai naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara 3. Wanda ya yi barazanar fitar da irin wannan don a ba shi kuɗi, nasa hukuncin ya fi haka tsanani. Aya ta 19 a Suratun Nur kuma ta yi gargaɗi ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai, ba ta ce sai wanda ya fara ba.

Ina aiki a wani asibiti. An kwantar da wani sananne a wajenmu. In na sanar ai addu'a za a yi masa.

Sirrin majinyaci amana ce a wuyanki, ko sananne ne ko manomi daga Giwa. Sanarwa ta iyalinsa ce. In suna son addu'ar jama'a za su nema da bakinsu.

Mutum yana da damar ɓoye ciwonsa. Ɗan wasan Amurka Chadwick Boseman ya yi shekara 4 yana fama da sankarar hanji yana aiki, bai sanar ba. Da ya rame, mutane suka yi ta yi masa ba'a a intanet, sai da ya rasu a watan Agustan 2020 yana da shekara 43 aka san dalili. Mu ma nan da an ga jarumi ya faɗa, sai a fara raɗa sunan cuta. Ga kuma mummunar ɗabi'ar rige-rigen sanar da mutuwa: a saka hoton mutum da "Inna lillahi" alhali yana raye, ko ya rasu ɗin amma mahaifiyarsa ba ta ji ba tukuna, sai a waya. Hoton gawa, da na majinyaci a kan gado, da ɗaga waya a maƙabarta ana binne mutum, ban san wani uzuri da za a kawo a kansu ba.

'Ya'yansu fa? Ɗan wani mawaƙi ajinsu ɗaya da ɗana.

Yaron bai yi waƙa ba. Kada a ɗauke shi hoto, kada a faɗi makarantarsu, kada a aike shi da saƙo wurin babansa.

Na tura wa wani tauraro saƙo ina neman taimakon kuɗin makaranta, ya karanta bai amsa ba. Ina amfanin arzikinsa?

Allah ya buɗa maka. Amma ka sani saƙonka ɗaya ne cikin tulin irinsa, kuma da yawa na 'yan damfara ne, shi kuwa ba ya iya tantancewa. Sannan suna daban, kuɗi daban. Motar da ka gani a fim ta aro ce, gidan na haya ne, kayan na mai talla ne. Sau nawa muka ga an fito ana nema wa tsofaffin 'yan wasa taimakon kuɗin magani? Wanda yake da shi ya bayar, Allah ya saka masa. Wanda bai bayar ba, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma yana da dangi da maƙwabta da suka riga ka a layi. Ɗaukar hoton hirarku ka saka a duniya don ka kunyata shi ba zai biya kuɗin makarantar ba, sai dai ya sa gobe ya ƙi buɗe saƙon wani.

Masoyan wani jarumi sun zagi namu. Ba sai mu rama ba?

Su biyun da kuke faɗa dominsu wataƙila yanzu haka suna cin abinci a faranti ɗaya a wurin ɗaukar fim. In ma da saɓani a tsakaninsu, zugar masoya ce take hana shi mutuwa. A 1993, a birnin Hambag na Jamus, wani mai son 'yar wasan tanis Steffi Graf ya daɓa wa abokiyar hamayyarta Monica Seles wuƙa a baya ana tsakiyar wasa, don gwanarsa ta koma ta ɗaya a duniya. Seles ta yi fiye da shekara 2 ba ta buga wasa ba. Graf ba ta aike shi ba, amma da sunanta aka yi.

Wannan duk a kan 'yan fim ne. Malamai fa? Ai zuwa wurinsu neman albarka ne.

Malami ma yana gajiya, yana da iyali, yana bukatar lokacin yin bitar karatun da zai ba ku gobe. Ba ina kwatanta kowa da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba ne, amma ladabin da aka koya wa sahabbai a kansa ya ishe mu darasi. Aya ta 4 da ta 5 a Suratul Hujurat sun zargi masu ƙwala masa kira daga bayan ɗakuna, suka ce da sun yi haƙuri har ya fito da ya fi musu. Aya ta 53 a Suratul Ahzab ta ce in an ci abinci a watse, kada a zauna hira, don hakan yana cutar da shi kuma yana jin kunyar faɗa. Malamin da kuka tare bayan tafsiri, kuka bi motarsa har gida, kuka kira shi ƙarfe ɗaya na dare kan fassarar mafarki, shi ma kunya ce ta hana shi magana. Ku tambayi almajiransa lokacin da ya ware don ganin jama'a. Naɗar hirarsa ta zaure a ɓoye, a yanko rabin jimla a watsa, wannan cin amanar majalisi ne.

Su taurarin ba su da laifi ko kaɗan?

Suna da shi, wasu ma babba. Akwai wanda da kansa yake kai kyamara ɗakin matarsa don ya tara mabiya, ya ƙirƙiri faɗa da abokin sana'a ana saura mako fim ɗinsa ya fito, ya sa 'ya'yansa a kowane bidiyo. Irin wannan in ya dawo yana kukan an shiga rayuwarsa, da wuya a tausaya masa. Duk da haka, abin da ya nuna shi ya nuna, wanda ya rufe yana nan a rufe, kuma yana da damar cewa daga yau ya daina.

Akwai kuma inda sirri ba ya zama mafaka. Furodusan da yake lalata da 'yan mata da alkawarin sa su a fim, ko jarumin da ya cinye kuɗin taimakon da aka tara ta hannunsa, ba zai ce a mutunta sirrinsa ba, don akwai wanda aka zalunta. Wannan a kai shi gaban hukuma da hujja, 'yan jarida su bincika.

Za mu ɗauko mawaƙi bikin ƙanwata. Me ya kamata mu tanada?

Ku yi magana da manajansa a rubuce: ƙarfe nawa zai zo, waƙa nawa zai yi, zai tsaya hoto ko ba zai tsaya ba, da su wa. Kada ku sanar da masaukinsa, ko ga 'yan'uwa. Ku samar masa ɗakin da zai zauna kafin a kira shi, da ƙofar shiga da fita wadda ba ta cikin jama'a ba, a bar motarsa kusa da ita. Ku sa mutum biyu ko uku daga dangi, waɗanda ake jin maganarsu, su tsare wurin liƙi, don a nan ake yawan ja masa riga da cusa masa waya a fuska. Mai gabatarwa ya faɗa tun farko cewa za a yi hoto da amarya da ango da iyaye kawai, in ya so sauran jama'a su ɗauka daga inda suke zaune. In mawaƙiya ce, masu tsaron nata su zama mata. Ku kai masa abincinsa ɗaki, ku cika masa kuɗinsa kafin ya hau, kuma in ya ce zai kama hanya kafin duhu, ku sallame shi ko da 'yan'uwan ango ba su gama rawa ba.